Shekarar da Na Zama Kunnen Maigida Hamani

Jiya da la'asar Nasiru, ɗan ƙanwata, ya kawo mini sabon aikinsa in saurara. Kiɗan rege ne da muryoyin baƙi: wani ya aiko tasa daga Lome, wata daga Kano, duk ta salula, shi kuma ya zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya jera su. Aikin ya yi kyau, kuma na faɗa masa. Abin da ya sa na tara ku yau, ku matasan wannan sana'a, shi ne maganar da abokinsa ya yi muna cikin saurare, wai haɗa sauti ba sana'a ba ce, danne-danne ne kawai, duk mai yatsa zai iya. To yanzu ku gyara zama. Ni Idi na haura shekara talatin ina wannan aiki a garin nan na Gaya, kuma mutumin da ya koya mini shi, lokacin da ya gama aikinsa mafi kyau, ko tsawa aka yi ba ya ji.

Radiyon babana ce ta kai ni wurinsa. Mu mutanen ƙauyen Bana ne, gero da dawa muka sani. Radiyon ta daina magana, aka aiko ni da ita ranar kasuwa, aka kwatanta mini shagon da ke bayan tasha, inda manyan motoci ke layin duwan, wato kwastan. Mai shagon sunansa Hamani, Allah ya jiƙansa, mutumin Dandi ne, amma duk gari Rasta ake ce masa, alhali kansa sul yake kamar bayan ƙwarya, kuma sahun farko ba ya wuce shi. Sunan ya biyo shi ne daga Kwatano, inda ya daɗe yana aiki a gidan masu kiɗa kusa da tashar jirgin ruwa. Bai buɗe radiyon ba. Ya kunna ta, ya miƙo mini, ya ce in sa kunne in gaya masa abin da na ji. Na ce ba ta magana, amma akwai wani abu ciki yana tsiyaya kamar ruwa a kan tukunya mai zafi. Ya dube ni ya ce in gaya wa babana in an gama girbi ya ara masa ni. Aron ke nan har yau.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma kowanne da halinsa. Akwai rikoda mai layi huɗu, wato murya ko kiɗa huɗu kawai take ɗauka, in kana son na biyar sai ka matse biyu wuri ɗaya, kuma in ka matse ba su sake rabuwa. Akwai teburin sauti mai maɓallan ja sama da ƙasa. Akwai manyan bafal biyu, akwatunan da sauti ke fita, waɗanda wani kafinta ya yi masa da katakon maɗaci. Sai reza da sikoc, wato salatif, na yankan zaren kaset da haɗa shi, auduga da alkwal, ruwan nan na wanke ciwo, na goge kan rikoda, da ƙarfen liƙi wanda muke ɗora wa gawayi in kuran, wato lantarki, ya tafi. Abin da ya fi so shi ne injin amsa-kuwwa da ya ƙera da kansa daga wata tsohuwar rikoda. Zaren yana fitowa daga cikinta, ya zagaya wuyan kwalba da ke kan benci, ya koma. In ya nisanta kwalbar amsar ta jinkirta, in ya matso da ita ta zo da sauri. Na taɓa ture kwalbar nan da gwiwar hannu ana cikin aiki. Bai yi faɗa ba. Ya sa ni na yini ina neman inda take daidai, da kunne.

Shekarata ta farko ban taɓa tebur ba. Ina naɗe zaren kaset da bik, wato biro, ina goge kan rikoda, ina ɗaukar batir zuwa gidan biki. Da rana in ba kowa sai ya zaunar da ni in ba bafal baya, ya sassauta wata waya ko ya rage wani abu, ya ce, "Me ka ji?" In na ce lafiya lau, sai ya ce in sake ji. Haka muka yi har na kai in ji kaset in ce an ɗauke shi a ɗakin laka ko na siminti.

Masu zuwa wurinmu mafi yawansu ba mawaƙa ba ne. Bayan biki da suna, abin da ya fi kawo mutane shi ne wasiƙar kaset. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zo ya yi magana a ɗauka, a ba direba ya kai. Ina tuna wata tsohuwa daga wajen Zabori, ɗanta yana Abijan, shekara da shekaru ba su ga juna ba. Na kafa mata mikoro, abin ɗaukar murya, a gaba, bakinta ya mutu. Sau uku muna kunnawa, ban da sallama ba ta iya cewa komai. Maigida ya zo ya ɗauke mikoron, ya sa shi a gefe ya rufa masa ƙyalle, ya cire hularsa ya ɗora a kan kujerar da ke fuskantarta. Ya tambaye ta sunan yaron, ya ce to ga shi nan zaune, ta yi masa faɗan rashin aike. Mu muka koma bakin ƙofa. Tsohuwar nan ta cika fuska ɗaya ta kaset, ta yi faɗa, ta ba da labarin akuyarta, ta sa masa albarka. Da ta tafi ya ce mini rabin aikinmu shi ne mutum ya manta da mu.

In kasuwa ta yi sanyi sai ya koma kan abin da ransa ke so, kiɗan da ake kira dab. Ku kun san shi, amma bari in faɗa yadda shi yake yi. Zai sa kiɗan rege cikakke, sai ya riƙa janye abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ya rage ganga da bas kawai, bas ɗin nan mai kaɗa ciki. Can sai ya sako gita sau ɗaya, ya jefa ta cikin amsa-kuwwa, ta yi ta nisa har ta ɓace. Yakan ce magini ƙari yake yi, masassaƙi ragi yake yi, mu kuwa dangin masassaƙa ne. Ya daɗe yana tara kiɗan kansa, shi ke kaɗa bas, wani maƙwabcinmu na buga ƙwarya da ganga. Burinsa ya fitar da kaset guda, amma ba da muryarsa ba, don ya ce tasa ta kiran awaki ce. Yana son muryoyin da ya tsinta a yankin nan, kowace waƙa da baƙonta. Kiɗan duka ya kammala, muryoyi suka rage, sai mummunar shekara ta shigo.

A shekarar ne sojoji suka karɓi mulki. Taro ya koma sai da takarda, bukukuwa suka ƙanƙance, mutane suka koma ɗaura aure su watse ba kiɗa. Shingaye suka yawaita a hanya, kayan gyara da muke jira daga Kwatano suka daina isowa. Wannan duk da sauƙi. Da bazara ta yi tsanani sanƙarau ya kama Maigida. Ya yi makonni a asibiti, har an fara cire rai, sai Allah ya tashe shi. Ya dawo shago a rame, riga tana yawo a jikinsa, kowa na cewa ya auna arziki.

Kwana kaɗan da dawowarsa ina gwada mikoro don wani suna, na yi kuskure na matsa da shi kusa da bafal. Kun san kukan da yake yi, mai tsaga kai. Mai shayin ƙofar shago ya toshe kunnuwa, awaki suka watse. Maigida yana kan benci ya ba ni baya yana liƙin waya, ko kafaɗarsa ba ta motsa ba. Na kashe, na kira sunansa, na sake kira da ƙarfi. Ya ci gaba da liƙinsa.

Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Mutumin da duk garin ya sani da kunne, yaya za ka tare shi da wannan? Sai na lura ya mai da kujerarsa tana kallon ƙofa. Yana duban bakin mai magana, in bai gane ba ya ce, to, to, Idi zai duba. A masallaci kafaɗar na kusa da shi yake bi. Ni kuma na koyi kada in zo masa ta baya. In ina son ya juyo sai in taka daɓe da ƙarfi ya ji a ƙafarsa. In za mu yi aiki sai ya tuɓe takalmi, ya ɗora tafin ƙafa a jikin bafal, idonsa a kan allurar da ke nuna ƙarfin sauti. Bas da ganga yana jin su a jiki fiye da yadda ni nake jin su da kunne. Murya da gita ne suka ɓace masa. Sai ya juyo ya ce, "Me ka ji?" da muryar nan tasa ta gwaji, kamar dā. Ni kuma in amsa da baki ina kwatantawa da hannu, sama ko ƙasa, kamar ɗalibi mai ba da hadda. Ya gyaɗa kai ya gyara. Haka muka ci gaba da kaset ɗin, don ya ce ba zai bar shi ba.

Muryar da ya fi ƙwallafa rai a kanta ta Inna Gambi ce, wata tsohuwa a Tanda. Ya taɓa jin ta shekarun baya tana ba da waƙa wurin bugun shinkafa, bai manta ba. Da kaka ta yi muka ɗaura rikoda da batir a bayan moto, wato babur, muka tafi. Ta karɓe mu da fura, ta ji abin da ya kawo mu, ta ce ita ba ta waƙa a ɗaki, kuma ba wanda zai rataya mata wani abu a kunne. Waƙarta da aiki take fita. To ga matsala: in ba ta ji kiɗanmu ba, yaya muryarta za ta hau kansa? Na nuna wa Maigida abin kunnen, na girgiza kai. Sai ya naɗe hannun riga ya nemi a ba shi sanda. Ya shiga cikin matan da ke bugun shinkafa a masussuka, ya fara bugu da nauyin kiɗan nan nasa, wanda ya zauna masa a jiki, a hankali, ba gaggawa. Matan suka yi ta dariyar ɗan birni da sanda, amma bugu yana da jan hannu, kafin a jima duk sun bi nasa. Inna Gambi ta tsaya ta ɗan saurara, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauko waƙa da Dandanci. Ni ina gefe da mikoro ɗaure a kan gora, na sa masa safa saboda iskar gulbi. Mutumin da bai daɗe da tashi daga ciwo ba ya yi bugu har waƙa uku, gumi yana zuba. Da muka dawo na ɗora muryar a kan kiɗan, ta zauna kamar tare aka haife su.

Sauran baƙin ba su ba mu wahala ba: wani masunci, da wani Bafillace mai sarewa da ya yi baiti biyu ya koma wurin shanunsa. Na ƙarshe shi ne Bello, direban babbar mota mai kai albasa Kwatano. Ya kwana huɗu a layi, ya shigo a gyara masa kaset ɗin mota. Maigida ya san muryarsa tun kafin ciwo, murya ce mai kauri kamar daga cikin rijiya. Muka sa masa kiɗa, ya rufe ido, ya yi waƙar hanya a tashi ɗaya. Ya ambaci zafin kwalta, da kewar 'ya'yansa. A tsakiya sai ya ce albasa ta ruɓe a shinge, mai bindiga ya tare hanya, yana kuma cewa a yi masa godiya. Na ji, ya yi mini daɗi, ban sanar da Maigida ba. Maigida ya ga allura lafiya, ya ga fuskar Bello, ya ce wannan ta yi.

Bayan nan ne aka yi shela cewa duk kaset da za a sayar sai an kai ofis an saurara an buga hatimi. Mai shayi ya ba mu labarin wani maroƙi da aka tsare kwanaki kan kalma guda. Sunan Maigida ne zai hau kan kaset ɗin, da na Bello. Maigida kuwa bai san abin da ke cikinsa ba, don ni kaɗai na ji. Wannan ba maganar sama ko ƙasa ba ce da zan kwatanta da hannu. In zan gaya masa sai dai in rubuta, in kuwa na rubuta na faɗi abin da muka yi wata da watanni muna zagayawa. Na yi kwana uku ina ɗaukar allon da muke rubuta sunayen masu gyara ina ajiyewa. Rana ta huɗu da hantsi na goge shi, na rubuta baitin Bello da ajami, na ƙara a ƙasa cewa laifina ne da ban faɗa ba tun ranar. Na zagayo gabansa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karanta. Ya daɗe yana kallon allon, fiye da yadda rubutun ke bukata. Sannan ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na karɓi allon na rubuta: tun ranar da mikoro ya yi kuka.

Ya ce, "Ashe ya yi kuka." Ya ɗan yi murmushi. "Ni ma na san ka sani. Wata bakwai kana taka mini ƙasa kamar ingarma, ka ɗauka zan ce ƙafarka ke ciwo?"

Iyakar maganar da muka yi a kai ke nan. Ya koma kan baitin. Na rubuta masa cewa reza na nan, in yanke wurin kafin azahar. Ya ce a'a, ba a taɓa maganar mutum a bayan idonsa, a jira Bello.

Bello ya dawo daga Kwatano bayan kwana biyu. Na karanta masa halin da ake ciki. Ya zauna a kan batir ya riƙe kai. Ya ce yana da 'ya'ya huɗu da tsohuwa a gida, ba shi da ƙarfin zaman kaso, amma kuma albasar nan ta ruɓe da gaske, ba ƙarya ya yi ba. Na rubuta wa Maigida. Shi kuma ya ce wa Bello, "Malam Bello, ba za mu sa maka ƙarya a baki ba, kuma ba za mu kai ka inda 'ya'yanka za su neme ka su rasa ba. Za mu bar farkon maganar, sauran mu bar wa ganga. Wanda ya taɓa kwana a shinge zai ƙarasa da kansa." Bello ya ce ya yarda.

Aiki ne na ƙiftawar ido. Dole a bar "albasa ta ruɓe" ta fita sarai, a kama wutsiyar kalmar ƙarshe a jefa ta cikin amsa-kuwwa, a janye muryar kafin kalma ta gaba ta leƙo. In ka yi sauri ka yanke masa numfashi, in ka makara "a shinge" ta fito. Wannan kuwa sai mai jin murya. Maigida ya tashi daga kujerarsa ya nuna mini ita. Shekarata shida a shagon, ban taɓa zama a kanta ba. Ya tsaya a bayana, ƙafa ɗaya a jikin bafal, hannu a kafaɗata. Ni ina bin murya, shi yana ƙirga bas, in lokacin dawo da kiɗa ya yi sai ya matsa mini kafaɗa. Karon farko na makara. Na biyu na yanke da wuri. Zaren kuwa duk wucewa yana ƙara gajiya, ba kamar naku ba da za ku maimaita sau ɗari. Karo na uku kalmar ta tafi tana maimaita kanta, ruɓe, ruɓe, tana nisa, ganga da bas suka riƙe wurin su kaɗai, sannan hannunsa ya matsa, na dawo da komai. Bello da ke bakin ƙofa ya ce wallahi haka ta fi ciwo.

Ranar Litinin da safe muka kai kaset ɗin. Wani matashin hafsa ne ke saurare, da soja ɗaya a ƙofa. Ya ji fuskar farko duka yana wasa da bik. Da aka zo waƙar Bello ya tsayar, ya mayar baya, ya sake ji. Kansa a sunkuye kan takarda ya tambayi Maigida me ya sa mawaƙin ya haɗiye maganarsa. Maigida bai ga bakinsa ba, ya ga dai kamar an yi magana, sai ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Hafsan ya ɗago, fuskarsa ta canza. Sojan ƙofa ya matso. Kafin in buɗe baki Maigida ya karanci fuskar, ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Ni kurma ne. Ciwo ya tafi da kunnuwana tun bazara. Wannan shi ne kunnena, ka tambaye shi."

Ban taɓa jin kalmar daga bakinsa ba sai ranar. Hafsan ya dube shi, ya dubi kaset ɗin, ya tambaye ni ko gaskiya ne kurma ya yi wannan. Na ce shi ya yi. Na bayyana masa cewa haka salon kiɗan yake, ana janye murya a bar amsarta, na nuna masa wurare irin haka a waƙar Inna da ta masunci. Ya ce, "To, albasa ta ruɓe. Sai me?" Na ce, "Sai asara, ranka ya daɗe." Ya daɗe yana kallona. Har yau ina zaton ya gane. Ya jawo hatimi ya buga, ya ce mu bar masa kwafi ɗaya.

Kafin mako ya zagayo duk Gaya ta ji Rasta ba ya ji. Wasu sun ɗauke gyaransu sun kai wani wuri, ba su da yawa. Sauran suka koyi tsayawa a gabansa in za su yi magana, mai shayi ya sayi allonsa na kansa. Na ga Maigida ya fara ƙiba, don ɓoyon ya fi ciwon cin sa. Kaset ɗin kuwa direbobi suka ɗauke shi, ya bi hanya har bakin teku. Bello ya ce mini in aka zo wurin nan a cikin mota, yaran mota da direba sukan ƙarasa baitin da bakinsu, kowa da irin nasa.

Da muka sami sarari muka koma Tanda da kwafin Inna Gambi. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, matan masussuka suka taru, na kunna. Ta ji bas ta yi dariya ta ce wannan kamar hadari. Da muryarta ta shigo sai ta natsu. Wurin da ta kai ƙarshen baiti amsa-kuwwa ta maimaita shi daga nesa, ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Ta tambaye ni wace ce ke amsa mata. Na ce ita ce da kanta, inji ne ke dawo da muryar. Ta girgiza kai. Ta ce ƙanwarta Hawa ce ke yi mata amshi tun suna 'yan mata, kuma haka take yi, a baya-baya, ba ta taɓa shiga gabanta ba. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Ta ce in mayar. Na mayar sau huɗu. A na ƙarshe ta riƙa ba da sabon baiti a tsakanin amsoshin, tana jira a gama kafin ta ɗora. Matan ba wadda ta yi motsi. Maigida yana kallon fuskarta, na rubuta masa abin da ta ce, ya karanta ya kife allon a cinyarsa.

A hanyar dawowa muka tsaya bakin gulbi muka yi la'asar. Muna zaune moto na hucewa, sai ya ce in gaya masa gaskiya, shi muryar da ya sani ta shekarun baya ce, yanzu yaya take? Allon yana cikin jaka, sai na share yashi na rubuta da tsinke cewa ta tsufa, in ta hau sama tana karyewa.

Ya ce, "A kaset ɗin ma?"

Na rubuta: wuri biyu.

"Kana da reza. Kana da waƙa uku da za ka ɗebo gyara. Me ka yi da su?"

Na rubuta: na bar su.

Ya dubi rubutun har ruwa ya fara lasar gefensa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ciro makullin shago daga aljihu ya miƙo mini, ya ce daga gobe ni zan riƙa buɗewa, shi zai zo in rana ta ɗaga. Na karɓa, na tada moto, ya hau baya muka kama hanyar gida.